Yadda ake lissafin kuɗɗin keken VTT: ka haɗa da kanka ko ka sayi haɗaɗɗe?

Jama'a wagga tambaya ta yi yawa, musamman wajen samarinmu masu hita motsa jiki da sahe kan hanyar Madarunfa ko ta Tibiri, kowa sai ya ce shi so yake ya haɗa nashi VTT, wato keken da aka yi dan hanyar da ba kwalta, da hannunshi dan wai ya hi araha. Toh bari in faɗi amsar tun yanzu kafin mu shiga lissafi: in komi sabo zaka saya ɗaya bayan ɗaya, haɗawa ya hi tsada, kuma ba da kaɗan ba. Dalili kuwa a hili yake, kamfani irin Giant ko Merida na Taiwan, ko Decathlon na Faransa masu Rockrider, su suna sayen birki da derayer (abin da ke ture sarƙa daga giya zuwa giya) da taya dubbai a lokaci guda kai tsaye daga Shimano, kamfanin da ke ƙera kayan keke, da sauransu, kai kuma guda ɗaya tal zaka saya a hannun ɗan kasuwa na ukku ko na huɗu wanda kowa ya ɗora ribarshi. Mai sayen hatsi buhu-buhu lokacin kaka da mai awon tiya da bazara ai ba farashi ɗaya suke biya ba. Amma wannan bai kashe maganar haɗi ba, akwai inda haɗin yake da riba, kuma akwai hanya ta ukku wadda ni ita nake ba mutane shawara a nan Maradi, zamu zo kanta.

Mataki na farko, kada ka fara da tambayar farashi, fara da tambayar ina zaka hau keken. Mu nan ba mu da duwatsu irin waɗanda aka ƙirƙiro keken dominsu, dan asalinshi a Kalifoniya ta Amurka aka fara shi a shekarun 1970, masu gangarowa daga tsauni, har kamfanin Specialized ya hitar da Stumpjumper a 1981. Abin da muke da shi yashi ne, da laterit mai kwarkwaɗa, da ramukan kwalta, da ƙura lokacin hunturu, sai uwa uba ƙaya, tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. In ka sauka wajen Gulbi ko ka yi hanyar Jiratawa da damina sai ka haɗu da laka. Kaga ke nan wanda ya kashe rabin kuɗɗinshi wajen sayen keke mai shokoba gaba da baya ya yi asara, kuɗɗin nan taya mai faɗi da ƙafafu masu ƙwari ya kamata su ci. Keke mai shokoba a gaba kawai ya isa, kai ko marar shokoba gaba ɗaya in tayarshi na da faɗi zai yi maka aiki. Ka rubuta a takarda: cikin gari zan hau ko ƙauye, zan ɗauki kaya a baya ko a'a, kullum ne ko ran Lahadi kawai. Amsar nan ita zata hana ka sayen abin da ba ka buƙata.

Mataki na biyu, ka zaga ka samo farashin haɗaɗɗe, dan shi ne ma'aunin da zaka gwada komi da shi. Iri ukku zaka tarar. Akwai sabo dal na cikin kwali da ake kawowa daga Sin, mai fenti mai ƙyalli da sitika ko'ina, wani har da ƙaton sifirin a tsakiya, an rubuta Shimano a jikin kadar ɗin, wato gangar jikin keken, alhali derayer ɗin baya kawai ne na Shimano, shi ma Tourney wato mafi ƙanƙanta a layinsu. Ga ido ya yi kyau, amma ka ɗaga shi ka ji nauyi, ka matsa hannun birki ka ga yana lanƙwashewa, rayon ɗinshi wata biyu sun fara sakewa. Akwai sabo na kamfani sananne, wanga da wuya ka same shi a ajiye a shago nan garin, sai dai a kawo maka daga Yamai ko Kano ko daga waje. Sai kuma na hannu, okazon da ke zuwa cikin kwantena daga Turai, wanda aka saba kawowa ta Kwatano kafin hanyar ta rikice a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome, abin da ya sa kuɗɗin mota ya ƙaru a kan kusan komi. Ka tambayi aƙalla mutum ukku a kowane iri, Babbar Kasuwa da wajen masu gyara na unguwa, dan masu gyara su ne suka san wa ke son sayar da nashi.

In farashin da ka gani na Turai ne a intanet, lissafin mai sauƙi ne tunda sefa a ɗaure take da euro: euro 1 sefa 655,957 ne, ka ɗauka 656. Keken euro 300 ya kama kusan jikka 197 tun bai bar shagon ba, ba jirgi ba duwan. In kuma daga Katsina ko Kano ne, ka tambayi ɗan canji farashin naira na ranar da zaka biya, ba na makon jiya ba, sannan ka ƙara kuɗɗin mota ta Jibiya da Ɗan Isa da abin da za'a biya a hanya.

Mataki na ukku shi ne wanda mutane ke tsallakewa, kuma nan ake cin su. Ka ɗauko takarda ka rubuta duk abin da ke jikin keke, ba manyan kawai ba. Kowa yana tuna kadar da furshi mai riƙe ƙafar gaba da ƙafafu biyu da birki da giya. Amma wa ke tuna boris ɗin wuya, da zobban da ake jerawa ƙarƙashin wuyan gidon, da wuyan kanshi, da gidon, da robar riƙo, da sandar sirdi da abin matse ta, da sirdin, da akis ɗin feda, da hannun feda da farantinshi, da feda biyu, da sarƙa, da kaset wato jerin farantan giya na ƙafar baya, da hannun canza giya, da waya da rigarta, da faifan birki biyu da kusoshinsu, da tef ɗin cikin jant, da tub biyu, da taya biyu, da ɗan ƙarfen nan da derayer ke rataye a jikinshi. In ka ƙirga zaka ga sun wuce abu 25. Ƙananan nan kowane ka ji jikka biyu, jikka ukku, jikka biyar, kana cewa ai ba komi, ranar da ka tara sai ka ga sun kamo kuɗɗin kadar ɗin.

Gaban kowane abu ka ja layi huɗu: farashinshi, kuɗɗin kawowa, duwan ko na hanya, sai kuma inda za'a same shi in ya lalace. Layi na huɗun nan ya hi sauran muhimmanci wallahi. Sarƙar giya 7 ko 8 kusan kowane mai gyara zai nemo maka, amma ka sa giya 12 sarƙa ta tsinke maka a Gidan Rumji ka ga yadda zaka yi. Kuma mai kawo kaya ta jirgi da kilo yake caji, wani lokaci ma da girman kwali, toh furshi mai sifirin shi kaɗai ya wuce kilo biyu, ƙafafu kuma ba nauyi ne matsalarsu ba, girman kwalinsu ne. Shi ya sa ƙananan kaya irin derayer da kaset da plaket, wato takalmin birkin faifai, suke da daɗin oda, manya kuma gara ka nema a kusa.

Sai kayan aiki, wanda shi ma kuɗɗi ne. Kile alen mai lamba 4 da 5 da 6 su ne ke kwance kusan komi, sai tauraro T25 na kusoshin faifan birki, sifana 15 siririya ta feda, abin yanke sarƙa, abin kwance kaset da bulalar sarƙar da ke riƙe shi, abin zare hannun feda in mai akis murabba'i ne, abin kwance akis ɗin kanshi wanda shi ma iri-iri ne, kile ɗin rayon, abin yanke waya mai kaifi dan filaya tana tauna wayar ne kawai, giris da famfo. In keke ɗaya zaka haɗa a rayuwarka, sayen duk waɗannan asara ce, gara ka biya mai gyara ya yi maka wuraren da ke son kayan aiki na musamman kai ka yi sauran. In ko ku huɗu ne ko biyar abokan hawa, ku haɗa kuɗɗi ku saya ku ajiye gidan mutum ɗaya mai amana.

Yanzu mataki na huɗu, nan zan daɗe dan nan ne kuɗɗi ke ɓacewa ba tare da an sace su ba: kaya su zo su ƙi shiga juna. Keke ba kamar yadda muka saba da Rali da Foniks na iyayenmu ba ne da komi ke shiga komi. Fara da kadar, shi ne ke yanke hukunci a kan sauran duka, dan haka kada ka sayi ko kusa ɗaya kafin kadar ya zo hannunka ka auna shi.

Girman ƙafa ukku ne: 26 da 27,5 da 29. A jikin taya zaka ga wata lamba bayan faɗin, 559 na nufin 26, 584 na nufin 27,5, 622 kuma 29, ita ce lambar da ba ta ƙarya. Tayar 27,5 ba ta hawa jant ɗin 26 ko da sabulu ka sa. A Turai 26 ya zama tsohon yayi shi ya sa okazon ɗinshi ke da yawa, mu kuma nan shi ne tayarshi da tub ɗinshi suka hi samuwa, kaga tsohon yayin nasu ribarmu ce. 29 ya hi daɗi a kan kwarkwaɗa da yashi, gaskiya ne, amma ka tabbatar kana da inda zaka riƙa samun taya.

Sai faɗin wurin da cibiyar ƙafa ke shiga. Tsohon tsari mai ɗan hannun da ake lanƙwasawa milimita 100 ne a gaba, 135 a baya. Na zamani masu ƙaton akis da ke ratsawa akwai 12 x 142 a baya, akwai kuma wanda ake kira Boost 12 x 148 a baya da 15 x 110 a gaba. Bambancin milimita 6 ne kawai tsakanin 142 da 148 amma ya isa ya sa ƙafar da ka biya kuɗɗin jirginta ta zama kayan ado a ɗaki. Wuyan kadar shi ma iri biyu ne, miƙaƙƙe mai inci 1 da 1/8 sama da ƙasa, da mai faɗin ƙasa wanda ya kai inci 1,5. Furshi mai faɗin ƙasa ba ya shiga yawancin tsoffin kadar masu miƙaƙƙen wuya, amma miƙaƙƙen furshi yana iya shiga kadar mai faɗin ƙasa in ka samu boris ɗin da ya dace. Sandar sirdi yawanci 27,2 ce ko 30,9 ko 31,6, a jikinta ake rubutawa can ƙasa, kada ka yarda a cusa maka guntun gwangwani a ce ya yi, ƙarshenta bakin kadar ne zai tsage. Gidon kuma tsakiyarshi 25,4 ko 31,8 ko 35, dole ya yi daidai da wuyan da zai riƙe shi. Gidan akis ɗin feda in mai murɗawa ne faɗinshi 68 ko 73, kuma shi nake so ka nema, ka guji wanda ake dannawa da ƙarhi dan in ƙura ta shige shi ƙara zai dame ka da ita kuma cire shi sai da kayan aiki.

Maganar giya kuma, ƙa'idar ita ce hannun canzawa da kaset da sarƙa su zama masu lamba ɗaya, 8 da 8, 9 da 9. Sarƙar 6 da 7 da 8 tana yi wa juna aiki, daga 9 zuwa sama kowace da tata dan siranta take ƙarawa. Kada ka haɗa hannun kamfanin SRAM da derayer ɗin Shimano kana tsammanin zasu daidaita, yawan wayar da suke ja ba ɗaya ba ne. Layin Shimano daga ƙasa zuwa sama shi ne Tourney, Altus, Acera, Alivio, Deore, SLX, XT, XTR, kuma ni a ganina daga Acera zuwa Deore nan ne kuɗɗinka ke sayen ƙwari, sama da haka rage nauyi kake saya, wanda mai tsere ne ke buƙata ba mai zuwa Madarunfa cin kihi ba. Ka kuma duba ƙafar baya, firiwil ce mai murɗawa ko kaset mai zurawa. Mai kaset ta hi ƙwari dan boris ɗinta ya hi kusa da bakin akis, ita kuwa mai firiwil in mutum na da jiki ko yana ɗaukar kaya akis ɗin ne ke lanƙwashewa ko ya karye. Kuma a kula, jabun sarƙa da jabun plaket masu kwalin manyan kamfanoni sun cika kasuwannin intanet, in ka ga farashi ya faɗi ƙasa da rabi toh ka san abin da ka saya.

Birki: na roba mai kama jant yana da araha, kowa na gyara shi, kuma a ƙasa busasshiya irin tamu yana kamawa lahiya lau. Na faifai mai waya shi ne tsaka-tsaki. Na faifai mai mai ya hi duka daɗi a hannu, amma ka sani na Shimano man ma'adinai yake sha, in wani ya zuba mishi man birkin mota na DOT robobin ciki zasu kumbura birkin ya mutu, kuma an sha yin haka da kyakkyawar niyya. Faifan kanshi akwai mai kusa 6 akwai mai zobe ɗaya da ake kira Centerlock, girmanshi yawanci 160 ko 180, ka duba irin wanda cibiyar ƙafarka ke karɓa.

Mataki na biyar, tara lissafin ka gwada. Bari in ba da misali da lambobin da na ɗauka dan a gane tsarin kawai, kai sai ka sa na kasuwar ranar. A ce haɗaɗɗen da kake so, da kawowa da komi, ya tsaya maka jikka 300. A ce takardarka ta haɗi ta nuna kaya jikka 280, sai ka ji daɗi ka ce na ci ribar 20. Tsaya tukuna. Ƙara kuɗɗin kawo kaya kashi-kashi dan ba rana ɗaya zasu zo ba, a ce 40. Ƙara kayan aiki ko ladan mai gyara, a ce 20. Sannan ka ware kashi 10 cikin 100 na abin da zai zo bai shiga ba ko wanda ka manta, 28 ke nan. Ka koma 368. Kuma haɗaɗɗen ranar da ya iso ranar zaka hau, naka kuwa kadar na jingine a bango kana jiran kwali. Abin da ke juya lissafin nan abu biyu ne kawai, ko dai kana da rabin kayan a gida daga tsohon keke, ko kuma ka san tabbas in ka sayi haɗaɗɗen zaka cire furshi da ƙafafu da birki ka sa wasu, toh nan sayen abu sau biyu ne, gara ka haɗa tun farko. Sai dogaye sosai da gajeru sosai waɗanda ba su samun daidai su a kasuwa, su ma haɗi na iya zame musu dole.

Hanya ta ukkun da na ce, ita ce ka sayi okazon mai kadar na kirki, ka canza abubuwan da ke cinyewa. Kadar da furshi da ƙafafu da hannun feda, waɗanda su ne masu tsada da wuyar kawowa, ka same su a dunƙule da araha, kai kuma ka sa sabuwar sarƙa da kaset da waya da takalmin birki da taya. Amma sai ka iya dubawa, dan haka ga yadda ake yi.

Je da rana tsaka ba da magariba ba, ka tahi da tsumma da mita da ɗan maganaɗisu. Fara da girma: ka tsaya keken na tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai sarari kamar yatsu ukku ko huɗu tsakaninka da sandar sama. Mai tsawon mita 1,70 yawanci M ne nashi, mai 1,80 kuma L. Keken da ya yi maka girma ko ƙanƙanta ko kyauta ne zai sa maka ciwon baya da gwiwa. Sannan ka goge duk inda aka yi walda ka duba, musamman ƙarƙashin wuya da wajen akis ɗin feda da bakin sandar sirdi, layi siriri baƙi kamar gashi tsagewa ce. Manna maganaɗisun, in ya kama ƙarhe ne, mai walda na unguwa zai iya taimakonka wata rana, in bai kama ba alminiyo ne, shi kuma in ya tsage ka barshi kawai dan ko an like shi wurin ya riga ya yi rauni. Karbon na hannu kuwa ni ba na ba kowa shawara, yana iya lalacewa ta ciki waje na ƙyalli. Sabon fenti a wuri ɗaya ko sitika a inda bai kamata ba, ka tambaya mi aka ɓoye.

Kwance sandar sirdi ka ga tana motsi, dan sandar alminiyo da ta shekara cikin kadar na ƙarhe tana iya mannewa har abada. Matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas ko boris ɗin wuya ne ya sake, wanda gyaranshi ba wuya, ko kuma furshin ne ya cinye ta ciki, wanga kuwa kuɗɗi ne. Dubi sandunan furshi masu ƙyalli, in da tsatsa ko karce mai zurhi ka rage kuɗɗin sabon furshi daga farashin. Ɗaga kowace ƙafa ka juya ta kana kallon tsakaninta da kadar, 'yar rawa kaɗan ana gyarawa da rayon, amma jant mai lotsawa ko tsagewa wajen ramin rayon ya gama. Kama hannun feda ka girgiza gefe da gefe. Tsaya ta baya ka kalli derayer, ya sauko a miƙe ƙarƙashin kaset, in ya karkata ciki mariƙinshi ya lanƙwashe, kuma mariƙin nan kowane kadar da irin nashi ne, dan haka ka tambaya ko ana samu. Sarƙa kuma da mita ake gane ta, daga tsakiyar ƙusa ɗaya ka ƙirga ƙusa 24, sabuwa santimita 30,5 take, in ta kai 30,8 ta mutu kuma ta tahi da kaset ɗin, haƙoran faranti ma ka duba in sun yi tsini sun karkata. Duk abin da ka gano ka faɗa wa mai kayan cikin mutunci, Alhaji ga wanga ga wanga, sai ku yi ciniki a kai. Kuma ka nemi takardar saye da lambar da ke ƙarƙashin gidan akis ɗin feda a rubuce, saboda kayan sata.

In ka yanke shawarar haɗin ne duk da haka, ko zaka warware okazon ɗin ka sake ɗaurawa, ga jerin aikin. Wanke kadar tas, sa giris a duk inda ƙarhe zai murɗa cikin ƙarhe. Fara da akis ɗin feda, kuma ka riƙe wanga: kofin gefen sarƙa, wato na dama, a juye yake ɗaurewa, hagu ake murɗa shi. Feda kuma ta hagu ce mai ɗaurewa a juye, zaka ga L da R a jikinsu. Da hannu ake fara murɗawa, in ya yi tauri tun zagayen farko tsaya, ka karkace ne, in ka sa sifana ka tilasta ka kashe hannun fedar. Sai boris ɗin wuya da furshi. Sandar sabon furshi doguwa take zuwa sai an yanke, ka jera komi da zobba da wuyan gidon ka yi alama, ka yanke kamar milimita 3 ƙasa da alamar, kuma in kana shakka bar ta da tsawo ka ƙara zobe a sama, wadda aka yanke ba ta dawowa. Wajen ɗaurewa kusar saman ake fara matsawa a hankali har girgiza ta ɓace amma kan na juyawa sumul, sannan a matse na gefe. Waɗannan ƙananan kusoshi ba su son ƙarhi, yawanci 5 Nm ake rubutawa a jikinsu, wato matsi na yatsu da guntun kile ba na dantse ba.

Daga nan sa kaset da faifai a ƙafafu, ɗora taya kana duba kibiyar da ke nuna inda take juyawa, sa ƙafafun, sai birki, sai derayer. Tsawon sarƙa: zagaya ta kan babban faranti na gaba da babban na baya ba tare da ta bi cikin derayer ba, inda suka haɗu ka ƙara ƙusa biyu ka yanke. Kusoshi biyun nan na jikin derayer masu H da L iyaka suke sawa, H na hana sarƙa faɗawa wajen kadar, L na hana ta faɗawa cikin rayon, kuma L ɗin nan ka duba shi sau biyu dan derayer in ya shiga rayon yana tahiya da mariƙi da rayon da kanshi a lokaci guda. In giya na jinkirin hawa babba ƙara jan waya da ɗan abin murɗawa rubu'i-rubu'i, in tana jinkirin sauka sassauta. Ɗinkin ƙafa daga rayon kuwa, wanga kai wa wanda ya iya, tsoffin masu gyaran keke na garin nan sun hi mu hannu a nan nesa ba kusa ba, ka dai ce mishi rayon 32 ko 36 kake so masu kauri.

Inda zan ce kada ka yi rowa ko wace hanya ka bi, taya ce. Nemi mai faɗin inci 2,2 zuwa 2,4 in kadar ɗin zai ɗauka, kada ka cika ta tam, wajen bar 2 ya ishi mai matsakaicin jiki a yashi, a kwalta ka ƙara kaɗan. Saboda tsidau ka sa tub mai ruwan like huji a ciki, ko ka yanka tsohon tub ka shimfiɗa tsakanin taya da sabon. Masu son tsarin da ba tub su sani ruwan nan yana bushewa da wuri a zahin watan Afrilu da Mayu, sai an riƙa ƙarawa. Kan tub ma iri biyu ne, mai kauri irin na babur wanda kowane mai faci zai busa maka, da siriri wanda sai da ɗan adafta, in naka siriri ne sayi adaftan ka ɗaure shi a makullinka.

Bayan ka gama kada ka kama hanyar nesa ranar farko. Zagaya unguwa, ka yi gudu kaɗan ka taka birki a hankali sau da yawa dan plaket su zauna da faifai, kuma kada mai ko giris ya taɓa faifan. Bayan mako guda sabuwar waya zata saki, giya ta fara tsalle, ka ƙara ja kaɗan, ka bi kusoshi duka da kile, ka matsa rayon biyu-biyu ka ji ko akwai wanda ya sake. Sarƙa kuma kada ka yi mata wanka da baƙin man inji, da ƙurar hunturu suke haɗuwa su cinye ta da kaset ɗin da ka biya, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa ka juya feda sannan ka goge na waje da tsumma har ta bushe.